Takardar Shaidar Baba Mele

Kakata Falmata ba a banza take yi mana tatsuniya ba, hannuwa take nema. Sana'arta turaren wuta, irin na mutanen Borno da ta taso da shi kafin aure ya kawo ta Fagge. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta narka sukari, tana juya 'yan itatuwan turare a ciki har ƙamshi ya cika gidan maƙwabta. Mu jikoki mu kewaye ta, wannan na fasa itace ƙanana, wancan na fifita, wata na wanke kwalabe. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taho, kunne ya ji, hannu kada ya tsaya." Mu ce, "Ta sauka lafiya, Kaka." Har yau in na ji ƙamshin turare yana ƙonewa da sukari, sai in ji muryarta, da Hausarta wadda har ta mutu ba ta rabu da harshen Barebari ba.

Ni ne babba a jikokin, shekarata goma sha bakwai. A lokacin ana ta maganar mulkin kai, ana cewa za a nemi 'yan Arewa su zama akawu a kamfanoni da ofisoshi, amma sai wanda ya ci jarrabawar Turanci. Mahaifina ya sa ni makarantar yamma a Sabon Gari, a bayan wani shagon tela, wurin wani mutumin Kudu da muke ce wa Ticha. Abu biyu yake koya mana. Na farko, ya ba ka labari da Turanci ka karanta, sannan ya jero tambayoyi a ƙasa, ka amsa kowace da cikakkiyar jimla. Na biyu, wasiƙun kasuwanci: ta neman kaya, ta ƙorafi, ta neman aiki, ta sallama. Tafireta guda ce a makarantar, layi muke bi, kuma ni na fi kowa son jin ƙararta.

Kaina ya yi girma da wannan karatu, ba na musu. In Kaka ta gama tatsuniya sai in gyara murya in ce wa ƙannena, "Tambaya ta ɗaya, wane ne ya fara isa bakin rafi? A amsa da cikakkiyar jimla." Kaka ta harare ni ta ce, "Kai Bukar, tatsuniyata ba ta zuwa boko. Fifita min wuta."

Na zauna jarrabawar karon farko na faɗi warwas. A nan Baba Mele ya shigo labarin.

Baba Mele tsoho ne, tare suka zo Kano da kakana tun suna samari, don haka gidanmu ba shi da shamaki a wurinsa. Ɗakinsa na jikin zaurenmu. Shekara ashirin da wani abu yana gadi a kantin yadi na wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, a Kantin Kwari, ko ƙyalle bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutum ne mai barkwanci, kuma a ganinsa ni jikansa ne, abokin wasa. Ranar da labarin faɗuwata ya zo, ya shigo ɗibar garwashi, ya toshe hanci da yatsa biyu, ya ɗauki murfin tukunya kamar littafi, yana kwaikwayon yadda nake karatu da ƙarfi. Yara suka yi ta birgima. Kaka ma ta dara har da hawaye. Ya ce, "A ba Akawu hanya! Akawu ba kujera!"

Kafin mako ya zagayo duk layinmu sun ɗauki sunan. Mai ruwa ya kira ni da shi, 'yan mata masu tallar goro su kira ni da shi. Shi Baba Mele ya manta da ya yi. Ni kuwa na riƙe, na ji na tsane shi, tsana irin ta yaro wadda ba ta da tunani a cikinta.

Bayan 'yan watanni Kwaran ya rasu, ɗansa ya ce zai rufe kantin ya koma ƙasarsu. A zamanin nan, mai gadi ko kuku ko ɗan aike ba ya samun sabon aiki sai da takardar shaida daga tsohon ubangidansa, da Turanci, da hatimi. Mutum ya naɗe ta a fata kamar laya, yana yawo da ita, bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Ɗan Kwaran yana ta haɗa kaya, ya ce wa Baba Mele ya samo wanda zai rubuta, shi kuma ya buga hatimi.

Baba Mele ya same ni a zaure da goro biyu a hannu. Ya ce, "Bukar, yau Akawu ya sami kujera. Ka rubuta min. Ka ce shekara ashirin da uku. Ka ce ban taɓa barci a bakin aiki ba. Ka sa da Turanci mai nauyi, irin wanda Bature zai karanta ya miƙe tsaye."

Na ce, "An gama, Baba."

A makon nan Ticha na koya mana wasiƙar gargaɗi, wadda kamfani ke rubutawa game da ma'aikacin da ya kora. Na hau tafireta, na sa takarda biyu da kabon a tsakani, na buga ta tsaf da sunan Baba Mele. Na ce mai ɗauke da wannan takarda malalaci ne, yana barci a bakin aiki, kaya sun sha ɓacewa a lokacin gadinsa, kuma ba ma ba kowa shawarar ya ɗauke shi. Na ba Ticha kwafi ɗaya a matsayin aikin gida. Ya ɗauka sunan ƙirƙira ne. Ya ba ni tara cikin goma, ya karanta wa aji, ya ce haka ake rubutu, a taƙaice, babu kame-kame. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A raina cewa na yi ɗan Kwaran zai karanta ya fashe da dariya, Baba Mele ya ji kunya yadda na ji, shi ke nan mun yi kunnen doki. Ashe ɗan Kwaran yana tsaye kan masu ɗaure akwatuna, ko dubawa bai yi ba ya buga hatimi ya sa hannu. Washegari ya hau jirgi.

Baba Mele ya kai takardar wurin baduku aka ɗinka mata gida. Kullum da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya bi ta Bata ya shiga Sabon Gari, kanti kanti, sito sito. Ya miƙa takarda da hannu biyu. Akawun wurin ya karanta, ya kalle shi, ya kira na kusa da shi su karanta tare. Wasu su yi dariya, wasu su nuna masa ƙofa. Da yamma ya dawo ya ce mana, "Sun ce babu gurbi. Amma duk wanda ya karanta sai ya kira ɗan'uwansa ya gani. Yaron nan ya iya rubutu." Ina jinsa, ina ta fifita wuta.

Kaka na da wata mai sayen turarenta a kasuwar Sabon Gari, Bayarabiya, mijinta na da sito. Nan ma Baba Mele ya je, ɗan matar ya karanta, ita kuma ta gane tsohon don ta sha ganinsa yana rako Kaka da kaya. Ita ta kwashe komai ta gaya wa Kaka.

A daren nan Kaka ba ta kalle ni ba. Ta ɗora kasko, ta yi buɗewarta kamar kullum, ta fara.

Wai an yi wani tsohon raƙumi da ubangidansa ya mutu a hanya. A ƙasar nan ba a barin dabba ta sha ruwa a rijiya sai an ga tambari a cinyarta, an san ko ta wace ce. Raƙumi ya je wurin biri, wanda ya zauna da makiyaya ya koyi yin tambari, ya ce ya yi masa na amintattu. Biri kuwa yana jin haushinsa, don raƙumi ya taɓa yi masa dariya ranar da ya faɗo daga kan giginya. Ya gasa ƙarfe ya yi masa tambarin dabba mai annoba. Raƙumi ba ya iya ganin cinyarsa. Ya yi godiya ya tafi. Duk rijiyar da ya nufa, makiyaya su taso masa da sanduna. Shi kuma sai ya ɗauka ba su gani da kyau ba ne, ya ƙara juya musu cinyar. Rijiya bakwai ya je. A bakin ta bakwai ƙishi ya kayar da shi, yana jin ƙarar guga. Da ya ji zai mutu, sai ya yi ƙoƙari ya mirgina, ya bar tambarin a sama, don masu wucewa su san amintacce ne ya kwanta a nan.

Ta ci gaba da juya turare. Ƙanwata ta ce, "Kaka, birin fa? Me ya same shi?"

"Babu. Ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya da jikoki."

"Kai, Kaka, ba haka ake ƙarewa ba!"

"Haka wannan ta ƙare." Sai ta juyo gare ni. "Bukar, yau ba ka da tambaya? To ni ina da ita. Tambaya ta ɗaya: wa ya kashe raƙumi, masu sanda ko mai ƙarfe? Ka amsa da cikakkiyar jimla."

Yara suka sa dariya, sun ɗauka wasa ne. Mafici ya faɗi daga hannuna. Da suka watse ta ce min ƙasa-ƙasa, "Da bakinka za ka gaya masa. Ni ba zan ɗaukar maka ba."

Na je. Sau uku ina tsayawa a ƙofar ɗakinsa. Na ƙarshe na shiga na ce ya kawo takardar in sake masa wata wadda ta fi kyau. Ya dafe ta a ƙirji ya ce, "Wa zai buga mata hatimi? Mai hatimi ya tafi. Wannan ta ishe ni, Allah ya yi maka albarka." Na amsa da amin na fito. Tsoro ne kawai ya hana ni, tsoron idonsa da tsoron bulalar mahaifina.

Daga ranar, in na zauna a bakin wuta sai Kaka ta tsuke baki. Yara su ce ta ci gaba, ta ce, "Tatsuniyar ta gudu. Ba ta son zama inda akawu yake." Sai na tashi take ɗorawa. Tun ƙannena na mamaki har suka koma korata da kansu. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ban sake jin tatsuniyarta ba sai ta bayan katanga.

Baba Mele ya gaji da yawo ya shiga dakon buhunan gyaɗa, yana da shekara sittin da ɗoriya, cikin samari. Bai cika wata biyu ba bayansa ya riƙe, aka kawo shi gida a kan amalanke. Ya yi jinya har damina, ya rasu. A shekarar na ci jarrabawa, kuma a takardar wasiƙa na fi kowa maki.

Na yi aikin akawu shekara talatin da biyar. Na daɗe ina jin Kaka ta zalunce ni, daga baya na koma jin Baba Mele ta zalunta, don da ta buɗe baki sau ɗaya da ya bar yawo da takardar. Ta zaɓi ta rufa wa jikanta asiri, ta hukunta shi a ɓoye. Amma abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne dalilin da ta bar birin lafiya. Ina yaro na ɗauka barazana ce, wani abu na nan tafe. Sai da na girma, ina hawa daga kujera zuwa kujera, na gane gaskiya kawai ta faɗa min: mai rubuta takarda yakan kwana lafiya, kuma in bai tuhumi kansa ba babu mai tuhumarsa. Duk wasiƙar sallama da aka ce in buga, sai na nemi ganin fuskar mutumin tukuna. Abokan aiki suna ce min mai sanyin hannu.

Ina babban akawu, wata rana masinja ya ce wani na sallama. Modu ne, ɗan Baba Mele, wanda ya taso a Borno wurin dangin uwarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro fatar nan daga aljihu, ta yi baƙi don tsufa. Ya ce, "Yaya Bukar, aikin gadi nake nema. Baba ya bar wasiyya, in na rasa hanya in zo wurinka ka yi min irin tasa."

Na rubuta masa mai kyau, na buga hatimina, na kira wani da na sani aka ɗauke shi. Sannan na ce ya bar min tsohuwar, na ce ina son in ajiye don tunawa. Na roƙe shi har sau biyu.

Ya yi murmushi ya mayar da ita aljihu. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Ita kaɗai ya bar mana. Ban taɓa ba kowa ya karanta min ba. Na sa ɗana a boko, yana aji uku. So nake ranar da ya iya Turanci mu taru, ya karanta mana da bakinsa, ya ji wane ne kakansa."