Igiyar Malam Manzo

Malam Manzo, limamin Falanko, bai iya wa'azi ba. Wannan kam ko matarsa Lantana ba ta musu, don in ya fara, tsofaffi gyangyaɗi suke yi. Amma daga Tenhya har Belbeji, duk wanda abu ya ci wa rai ƙofarsa yake nema.

Ba ya zaunar da mutum gaba da gaba. A gindin aduwa yake wuni yana tufka igiyar kaba, in ka zo da damuwa sai ya miƙa maka bakinta ya ce, "Riƙe mini." Idonsa na kan tufka, kunnensa na wurinka. Haka za ka yi ta riƙo har bakinka ya buɗe da kansa.

Shekarar da Nasara suka mayar da mazauninsu daga Damagaram zuwa Yamai, Gajere mai haƙar rijiya ya zura ƙanensa Ila a rijiyar gari don ya yashe ta. Igiya ta tsinke, gawa aka fito da ita. Tun ranar Gajere bai sake taɓa igiya ba, ya daina zuwa masallaci, ya rame kamar kara. Kowa ya ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. Shi kuwa kullum sai ƙara lalacewa yake, har ana tsoron zai bi ƙanen nasa.

Malam bai je masa da nasiha ba. Aika ya yi a ce yana neman mai riƙe masa igiya. Kunyar dattijo ta kawo Gajere, ya riƙe. Kwana huɗu Malam na tufka, Gajere na riƙe.

Ran kwana na biyar Gajere ya ce, "Allah gafarta Malam, na ga inda igiyar da na zura Ila da ita ta ci. Da idona na gani. Na ce za ta kai gobe."

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Ka gani, ɗana. Kuskure ka yi, kuma mai nauyi ne."

Sai Gajere ya fashe da kukan da bai yi ba ko a maƙabarta, don yau ne aka fara yarda da maganarsa.

Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ka nemi gafara, zan taya ka. Riƙe da kyau, saura gaba goma."

Da igiya ta kammala, Malam ya kai ta bakin rijiya da hantsi, ya ɗaura a ƙugunsa. Tsoho ɗan shekara sittin! Lantana ta ɗora hannu a ka tana salati.

Ya ce wa Gajere, "Duba ta."

Gajere ya bi ta taƙi-taƙi, har sau biyu. "Lafiya take, Malam."

"To, zura ni."

Ya zura shi. Da aka jawo Malam, jikinsa duk laka, tafin Gajere na zubar jini, amma bai saki ba. Ya durƙusa ya kwance igiyar daga ƙugun tsohon, ya ɗaura a nasa.