Karen da Gogo ke nema

A bakin titi a Bulawayo, wata tsohuwa na tsugune gaban kejin Mqondisi mai sayar da 'yan kwikwiyo, jika ɗaya a goye, biyu na jan zanenta. Da ganin idanunta, ita kaɗai ke riƙon yaran.

"Gogo, ɗauki wannan," in ji shi. "Jinin Boerboel ne, manyan karnukan gadi, ɓarawo ba zai leƙo ba."

"Ɗana, me ɓarawo zai samu a gidana? Mai haƙuri nake nema."

Tana jan kunnen kowane kwikwiyo yadda jikokin za su ja, suna kai mata cizo. Sai ta hango uwar 'yan kwikwiyon ɗaure, 'ya'ya na tattaka ta, ko motsi ba ta yi.

"Waccan fa?"

"Ai ta gaji, Gogo."

"Na fi ka sani. Kwanto min ita."