Dubai ta Bayan Tashar Jabi

Da na tashi barin gida zuwa Abuja, kawuna bai hana ni ba. A hannunsa na koyi aikin azurfa da zinariya, kuma ya san taurin kaina. Cewa kawai ya yi in tafi da bargo mai kauri, don ya ji an ce duk wanda ya yi suna a can, a barandar masallaci ya fara kwana.

Ni kuwa sunan nake nema. Tun muna makarantar allo ni ake kawo wa allunan masu sauka in yi musu zayyana, wato adon nan na launi da ake kewaye rubutu da shi. Burina in ɗora wannan zayyanar a kan zinariya, mace ta shiga taro da ita, a juyo a ce, wannan aikin wane ne?

Abuja ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta ba ni shago a bayan tashar Jabi, tsakanin mai facin taya da wata madam mai ɗinki, 'yar Filato, falange ɗaya na katako ya raba mu. Girman shagon kuwa, idan na yi sujada sai ƙafafuna su gaisa da masu wucewa. Aikin da babban birnin ƙasa ya tanadar wa gwanintata shi ne liƙa 'yan kunnen da suka karye, da faɗaɗa zoben da yatsa ya fi ƙarfinsa bayan an sami ƙarin girma a ofis. Na gode wa Allah, ban kwana da yunwa ba.

Wata rana bayan la'asar wata Hajiya ta shigo, fuska rufe da takunkumi da baƙin gilashi, kamar wadda ta zo duba mai cutar da ake ɗauka. Daga baya na san darakta ce a wata ma'aikata. Motarta ma a gidan mai ta bar ta, ta tako da ƙafa. Ta kwance hankici, ta zube mini sarƙa da 'yan kunne da awarwaro a kan tebur.

"Malam, an ce kana narka gwal."

"Ina narkawa, ranki ya daɗe. Ina kuma ƙerawa."

"To narka wannan."

Na juya kayan, na sake juyawa, ban ga inda suka karye ba. Na ce, "Me ya same su?"

"An gan su."

"Na'am?"

"Na ce an gan su. Har biki biyu. Suna cikin hotuna."

A ranar na koyi wani babi na ilimi da malamanmu suka manta ba su karantar da mu ba. Ashe a wajen manyan matan Abuja, wadda ta maimaita sarƙa a biki ta yi shelar talauci ke nan, saura a kafa mata asusun taimako. Ƙawayenta sukan hau jirgi su je Dubai su canjo. Ita kuma Allah ya hore mata basira, ta gano cewa gwal ba ya tuna siffar da yake da ita jiya.

"Amma da sharaɗi," in ji ta. "Kada kowa ya ji. Ka rantse."

"Ba sai na rantse ba, Hajiya. Amana ai amana ce."

"Ko matarka."

"Ko ita."

Haka muka fara. Duk bikin da ya taso, gwal ɗin nan zai zo Jabi cikin hankici, ya sha wuta, ya koma Maitama a matsayin sabon zuwa daga ƙasar waje. Ban taɓa ganin ƙarfen da ya yi yawon duniya irinsa ba, bai kuma taɓa neman biza ba.

Da bikin 'yar aminiyarta ya matso, sai ta sakar mini mara. "Yi abin da ka ga dama, Malam. Kada dai ya yi kama da na gida."

Na ce to, na je na ɗauko abin da ya fi komai zama na gida. Zayyanar allo na zana, mai ƙananan kusurwoyi suna shiga juna, na ja zinariyar ta zama siririya kamar zare, na riƙa lanƙwasa ta da hantsaki har idanuna suka fara ruwa. Na bar tsakiyar fili, yadda akan bar wa rubutu wuri. Ranar da na gama na goge ta, madam ta leƙo neman aron ashana, ta tsaya da baki buɗe, ta manta abin da ya kawo ta. Na miƙa mata ashanar. Falange dai ba ya riƙe magana, ta daɗe da sanin komai.

Bayan biki Hajiya ta dawo da fara'arta. "Malam, mutanen Dubai sun sha yabo ranar nan." Ta ajiye hankicin. "Narka."

Na roƙe ta ta bar wannan ɗaya. Ta ce an gan ta, an ma gan ta fiye da kima. Na ce to ko hoto in ɗauka. Ta ce in ɗauka in nuna wa wa? Na yi bisimilla, na kunna wutar gas, na tsaya ina kallo kusurwoyin nan suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya har suka zama ɗan dunƙule kamar goro.

Ba a daɗe ba sai ga aminiyar da kanta, uwar amarya. Direbanta ya taɓa kawo mini gyaran zobe, shi ya nuna mata wurin. Mace ce wadda idan ta yabi mai kitso da safe, kafin azahar an yi layi. Ta miƙo mini waya, ga sarƙata a wuyan Hajiya.

"Ka taɓa ganin irin wannan?"

"Na taɓa gani, ranki ya daɗe."

"A waya ko? Kowa a waya yake gani. Aikin Dubai ne. Na aika an zagaye kasuwarsu kaf ba a samu ba, an ce guda ɗaya aka yi. Za ka iya kwaikwaya, ko in nemi wani?"

Keken ɗinkin madam ya tsaya cak. Abin da na baro gida dominsa yana tsaye a gabana da jaka a hannu, kalma biyu kawai yake jira: ni ne. Shaiɗan ma, Allah ya tsare mu, ya zo da hujjoji masu kyau, har da cewa ai ban rantse ba. Na dubi hoton. Na ce, "Zan gwada, in Allah ya yarda."

Tana fita madam ta faɗo shagon da tsinken ɗinki a baki.

"Oga Malam, kai wane irin mutum ne? Allah ya kawo maka abinci har baki, kai ka kulle baki!"

"Madam, amana ce."

"Amana! To ka kai gida, madam naka ya dafa wa yara amana da miyan kuka."

Na sake ƙera sarƙar. Hannu ya riga ya san hanya, ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba. Uwar amarya ta ɗaga ta a haske, ta dubi waya, ta sake duban sarƙa.

"Wallahi ka yi ƙoƙari, Malam. Amma ka ga nan? Nasu ya fi laushi. Ai su inji ne da su. Mu dai Allah ya kai mu."

Na ce amin.

Ta kuwa yi mini talla. Cikin ɗan lokaci labari ya bazu cewa akwai wani Malam a Jabi wanda idan ya kwaikwayi aikin Dubai, sai mai ido sosai zai gane. Ta haka na yi suna, na bar bayan tasha na koma shago mai gilashi da na'urar sanyi. Har yau idan na nuna wa mace zanen da na yi da kaina, takan tambaya daga wace ƙasa na kwaso shi.

A sabon shagon Hajiya ta same ni, ranta a ɓace. Ta rufe ƙofa, ta cire gilashi.

"Malam, ban zaci haka daga gare ka ba. Ka rasa abin da za ka kwaikwaya sai sarƙata ta Dubai?"

Na dube ta ko zan ga alamar wasa. Babu. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, sai Allah.

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Ya wuce. Amma ka riƙa ƙirƙiro naka, kana da hannu." Ta kwance hankicin, ta turo mini. "Narka. Wannan karon daga Turkiyya zan dawo."