Garin da aka gina a bakina

A Dogarawa na tashi, a hannun kakata mai suyar ƙosai. In ta sauke kasko da yamma, kafin garwashi ya mutu, sai mu jikoki mu kewaye murhun. “Ku matso, ta iso,” haka take farawa, asuwaki a gefen baki.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wasu halittu ne, ido ba ya ganinsu, suna neman wurin zama. Ɗaya ya sami farin dutse mai danshi, ya manne, ya kira dangi. Suka tarar da ragowar rake da alewa, suka ci, suka tofar da yauƙi, suka yi katanga da shi. Baƙi suka yi ta zuwa, kowa da yarensa, kamar Sabon Gari. Ruwan sama ya sauka, bai taɓa su ba. “Ruwa ba ya tashinsu, angona,” in ji ta, tana nuna ni. “Sai an kankare, safe da dare. In aka bari katangar ta bushe, dutsen za su haƙa.”

Ni lokacin ina aji biyar, ina jin na gama boko. Wata rana, gaban ’ya’yan maƙwabta, na ce wannan ƙaryar ƙauye ce, na fizge asuwakin na jefa a wuta. Yara suka yi dariya. Ba ta dake ni ba. Ta kalli itacen har ya cinye, ta ce, “To, malam.” Ba ta sake ba da wannan tatsuniyar ba.

Shekara arba’in ina kurkure baki da ruwa in fita. Watan jiya jikata ta kau da kai daga jikina, ta ce, “Kaka, bakinka na wari.” Na je wajen wata likita a Samaru, yarinyar da na haifi kamarta. Ta ce ƙwayoyin cuta ne suka taru, suka lulluɓe kansu da yauƙi, ya daskare, ya ci dasashi. “Baba, kurkura ba ta cire shi.” Na ce, “Na sani.” Ta ɗauka gatse nake yi. Na roƙe ta ta ceci haƙoran gaba. Biyu ta cire.

Kakata har ta mutu tana tauna aya. Jiya na zaunar da jikata zan ba ta labarin farin dutse. Na kai rabi ta ce ba ta ji sosai, in cire hannuna daga baki.