Sa'idu Nukiliya

Yayana Sa'idu mai gasa kifi ne a bakin tashar Gaya. Da ƙuruciya ya yi gadi a Arlit, garin iraniyom, ya dawo ya kafa murhunsa jikin magazar Alhaji Kabiru, ɗakin ajiyar da ake jibge bidodin esansi, wato jarkokin fetur.

Wata ranar zafi tururin esansi ya cika magazar, tana rufe, wani ya kunna inji a ciki. Ƙara ɗaya, bango ya kwanta. Fati matar yayana tana wanke kifi a gindin bangon, ba ta tashi ba.

Kafin a yi sadakar bakwai, Alhaji ya baza a gari wai nukiliya Sa'idu ya ɗauko daga Arlit, ita ta fashe. Mutanenmu kuwa, a ba su magana su yi mata riga da wando. Suka daina sayen kifinsa, wasu ko hannu ba sa ba shi a masallaci. Sunan ya bi shi: Sa'idu Nukiliya.

Wani tsohon soja ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce akwai bom da ke fesa mai cikin iska, ya kama wuta, ya zuƙe iskar wurin, ya wuce bai bar guba ba. Irinsa ne magazar ta zama. Nukiliya kuwa daga iraniyom ƙarfinta yake, gubarta takan zauna a ƙasa shekaru. Wa ya saurare shi? Ni kam na tsani Alhaji, ban ɓoye ba, kullum sai na kai ƙararsa wurin Allah.

Ashe ramin mugunta ya gina da zurfi. Da ya tashi sake gini, magina suka ƙi taka filin, wai akwai guba. Masu saye suka gudu. Direbobi ma suka daina ɗaukar kayansa.

Ina zaune gun murhun Yaya sai ga Alhaji ya zo, hula a hannu.

"Malam Sa'idu, ka san Arlit, kai za su yarda da kai. Ka faɗa musu ba nukiliya ba ce."

Yaya ya juya kifin da ba mai saye, bai ɗago kai ba.

"To me ya kashe Fati, Alhaji? Ka faɗa a masallaci ranar Juma'a, ni kuma in wanke maka filinka."

Alhaji ya mayar da hularsa, ya juya zai tafi.

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Nukiliya ce."

Filin yana nan har yau, ko awaki ba a bari su shiga.