Ranar da Inna ta kira sunan ɗan fari

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗan fari, kuma a gidanmu na Nassarawa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. In za ta ba shi tuwo sai ta ce mini, "Kai wa wancan." In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Haka muka taso, ba wanda ya ga laifi.

Da Baba ya rasu, Yaya ya koma Argungu wurin Kawu, ƙanen Inna, yana noman shinkafa a fadama. Can 'yan ƙwadago suka koya masa tiramol, wai ka haɗiyi biyu ka wuni cikin taɓo ba gajiya. Daga biyu abin ya wuce lissafi, ya haɗa da maganin tari. Bayan shekara uku ya dawo mana Birnin Kebbi a bushe kamar kara. Sau biyu yana zubewa a tsakar gida, baki yana kumfa.

Ni dai ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na zage shi, na tuttule kwalabensa a masai, har muciya na taɓa ɗaga masa. Inna kuwa ko uffan. Wallahi shirun nan ya fi shaye-shayen ƙona mini rai. Na ce mata, "Inna, ɗanki zai mutu kina kallon bango!" Ta ce in fitar mata daga ɗaki.

Da ya zube karo na uku, likita ya ce na huɗu ba lalle ya tashi ba. Sai Kawu ya tara dangi wata Asabar bayan azahar. Ya zo da mota, da igiya a bayanta. Magana ɗaya ce: ko Yaya ya shiga da ƙafarsa a kai shi asibiti, ko a ɗaure shi.

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Limamin unguwa ya yi nasiha, Kawu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi kuka. Ni ma na faɗi nawa, ban rage ba. Yaya yana zaune yana sosa wuya.

"Kun ƙare?" in ji shi. "Ni ba mahaukaci ba ne, ba inda za ni." Ya nuna labulen ɗakin Inna da haɓa. "Wadda ta haife ni ma ba ta ce komi ba. Ku mi ya dame ku?"

Kawu ya miƙe zai ɗauko igiya. Sai labule ya ɗaga.

Inna ta fito ko mayafi babu. Ta ratsa ta gaban liman, ta durƙusa gaban Yaya, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Sunan ya fito da ƙyar, kamar ana jan ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta sake kira, ta ce, "Tashi ka shiga motar nan. Ba ni son in zauna karɓar gaisuwar mutuwarka."

Ya tashi, ba wanda ya taɓa shi. Ni na zauna kusa da shi a mota. Mun kusa unguwar Gesse ya juyo, hawaye har gemu, ya ce, "Ashe ta san sunan."

Shekara talatin da biyu yana jiran wannan, mu muna cewa tarbiyya ce. Na ji haushin Inna, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Ba zan ce ya warke ba. Ya yi wata biyu a asibiti, ya fito ya yi ƙiba, aka yi ta barka. Tun daga nan sau biyu yana komawa ruwa, sau biyu muna mayar da shi. Yanzu yana ɗakin zaure, Kawu ya hana shi fadama.

Kullum da safe Inna takan tsaya bakin ɗakin ta kira sunansa da ƙarfi, maƙwabta suna ji, ko a jikinta. Ni kuwa sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne har ya amsa. Yau sai da ta kira sau huɗu.