Tukunyar da Mai Agogo Ya Ɗora wa Karensa

Mahaifina ya yi shekara arba'in da biyu yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matattakalar bene, shagon da in ya buɗe hannuwa sai ya taɓa bango da bango. Ba wanda ke kiran sunansa, Mai Agogo kawai, har mu 'ya'yansa in an tambaye mu na gidan wa, haka muke cewa. Mutum ne da zai wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya yana neman ƙarfen da bai kai ƙwayar yashi ba, amma bai taɓa sanin inda ake ajiye ashana a gidansa ba. Ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Ina 'yar shekara tara na yi zazzaɓi Mama ba ta nan, abin da ya iya yi mini shi ne ya sayo burodi ya ajiye a gefen katifa, ya duba agogo, ya ce in sha magani ƙarfe biyu daidai. Ku riƙe wannan burodin, don ni ban manta da shi ba.

Wayar hannu ta kashe masa sana'a, ido kuma ya fara gardama, ya rufe shago. Bayan shekara ɗaya Mama ta rasu. Ni ce auta, ni ce kuma ta kusa, sai ciyar da shi ya dawo kaina. Kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai in yi girki irin wanda Mama ta koya mini, mai wadatar mai da albasa, in zuba a kula, in hau mota biyu in kai masa. Washegari in tarar da kular a wanke tas. Bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, ni ma ban taɓa sa rai ba, don na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Sai ga kare.

Daga bakin tsohon shagon ya biyo shi, ramamme, kunne ɗaya a lanƙwashe, jiki duk ƙaiƙayi. Baba ya haɗa masa ɗan ɗaki na katako a tsakar gida, ya sa masa suna Minti, wai don ba ya makara wurin cin abinci. Abincin karnuka na buhu da ake sayarwa bai karɓe shi ba, sai gudawa da susa. Likitan dabbobi ya rubuta wa Baba abin da zai riƙa dafa masa a gida. Da na ji na yi dariya har da riƙe ciki, na ce wa zai dafa? Mutumin da bai san kunna risho ba?

Wata Asabar na shigo na tarar da abin da ya tsayar mini da dariyar. Baba zaune a ƙofar kicin ɗin Mama, gilashin gyaran agogo a ido, ɗan hantsakinsa a hannu, yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya daga cikin shinkafa. Shinkafar ma ba irin wadda muka saba ba ce, mai ruwan ƙasa ce, wadda ba a surfe ta ta yi fari ba.

"Baba, me kake yi?"

"Abincin Minti. Matsa, kin tare mini haske."

Na matsa. Na tsaya ina kallo kamar baƙuwa a gidanmu. Ya ce wannan shinkafar taurin kai gare ta, sai an jiƙa ta tun safe, sannan ta yi minti arba'in da biyar a wuta har ta yi luguf, in ba haka ba cikin karen ba zai iya da ita ba. Ya auna ta a ɗan sikelin shagonsa. Ya zare ƙashin kaza da yatsu, yana murza naman ko wani tsinke ya ɓuya. Karas da kabewa ya yanka su daidai wa daida. Ba gishiri, ba barkono, albasa kuwa ko kusa, wai illa take wa kare. Da ya sauke, ya barbaɗa garin ɓawon ƙwai a kwanon Minti, ya yi ta fifita da murfin tukunya, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji ko ya huce.

A bayan hannunsa! Ni da aka ajiye wa burodi.

Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya turnuƙe ni, kishin kare, ni uwar 'ya'ya biyu. Na kira Yayana a waya ina huci, shi kuwa sai dariya. "Auta, ai haƙuri za ki yi, an yi miki ƙani." Na kashe wayar. Tun daga ranar duk abin da Minti ya samu sai na lura. Gashinsa ya fito yana sheƙi, na lura. Baba da magana ke yi wa wuya ya koma hira da shi, yana tambayarsa ko ya ƙoshi, na lura. Ni kuma in na miƙa kula, "Ajiye can" ne ladana. Na ƙara mai, na ƙara nama, na koma yin miyar da Mama ke yi masa in tana son ya saki fuska. Gasa sosai na shiga da dabbar da ba ta ma san ana yi ba.

Mai facin taya da ke jikin katangar gidan ne ya ƙarasa ni. Ina wucewa ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Malama, Allah ya yi albarka. Wannan hannu naki! Wata huɗu ke nan ban sayi abincin rana ba. Miyar jiya kam har matata na kai wa ta ɗanɗana."

Na ce masa amin da bakin da ban san nawa ba ne. Wata huɗu. Mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, don in ciyar da mai faci. Na shiga gidan da niyyar in dire kular in ce ita ce ta ƙarshe, tunda yana da ɗan da ya fi so, su ƙarata.

Na same su suna ci. Minti a kwanonsa can gefe, Baba a kan kujerarsa da faranti a cinya, kuma abin da ke farantin daga tukunya ɗaya ya fito.

"Baba! Abincin kare kake ci, nawa kana bayarwa a titi?"

"Abinci ne dai. Nawa nake fara ɗiba kafin in zuba masa."

"Me na yi maka? Shekara talatin da shida ban taɓa ganin ka riƙe ludayi domina ba. Kare ya zo jiya, har fifita kake yi masa! In girkina ne ba ka so, ka faɗa mini, in huta."

Ya ajiye cokali. Ya shiga ɗaki ya fito da wata takardar asibiti a ninke, ya miƙo mini. Suga da hawan jini. Likita ya ce ya rage mai, ya bar gishiri, ya yi hankali da farar shinkafa. Kwanan watan da ke jiki wata huɗu ne da 'yan kwanaki.

"Da na dawo na duba tukunyar Minti," in ji shi, "sai na ga kusan abin da aka ce in ci ke nan. Na ƙara awo."

"Ni ba ni da kunne ne? Ai da ka faɗa da na canja girkin."

"Shi ya sa ban faɗa ba." Ya kalli kular da ke hannuna. "Hannunki na mahaifiyarki ne. Kullum in kin tafi sai in buɗe, in zauna, gidan ya ɗauki ƙamshi. In ci cokali ɗaya, sannan in kira mai faci. In kin cire mai da albasa, wa zai ƙara kawo mini wannan?"

Na zauna a bakin ƙofar kicin. Kuka na so yi, amma haushi bai gama sakina ba. Wata huɗu mahaifina ba lafiya, kuma wanda ya zauna da shi a kai, wanda suka ci lami tare kullum, wancan mai lanƙwasasshen kunnen ne. Na harare shi, ya kaɗa mini jela.

Baba ya tashi ya ɗauko farantin Mama mai zanen fure, wanda tun rasuwarta ba a taɓa ba. Ya kankare sauran abin da ke tukunyar ya zuba, rabon Minti na yamma ke nan. Ya fifita da murfi. Ya ɗiga a bayan hannunsa, ya jira, sannan ya miƙo mini.

"Ya huce. Ci, Auta."

Wallahi ba daɗi. Shinkafar ta caɓe, kazar kamar an wanke ta da ruwa bakwai, kabewa sai zaƙi-zaƙi marar dalili. Minti ya bar kwanonsa ya zo ya zauna nesa kaɗan, yana bin kowane cokali da ido daga faranti zuwa bakina, yana wani ɗan kuka a maƙoshi. Na san kallon nan sarai, wata da watanni ina yin sa.

Ban rage masa ko ƙwaya ɗaya ba.